Ba yawan filogi ne kaɗai zancen injin ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin da kuka kawo a shafin motoci kan makomar injinan motocin gudu, inda marubucin ya ce nan gaba kaɗan injin mai filogi takwas da mai sha biyu za su ɓace, kowa ya koma ƙaramin inji da batir. Ni makanike ne, kuma ina ganin ya bar babban zancen, wato inda ake ajiye injin da inda nauyi ke kwanciya a jikin mota.

Na fara koyon aiki a kan Boswaja ƙirar kunkuru, wadda injinta ke can baya. In ka taka ta a kan titin Zariya iska na kaɗawa, sitiyari sai ya yi sakwaf a hannunka, kamar tayoyin gaba ba su taɓa ƙasa. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, yakan sa mu ɗora buhun yashi a but ɗin gaba, nan take mota ta natsu. Porsche 911 ta fito da injinta a baya tun 1963, kuma shekaru sittin ke nan injiniyoyinsu na fama da wannan matsala da ilimi, mu kuwa muna maganinta da yashi.

Ku dubi Chevrolet Corvette ta Amurka. Daga 1953 injinta na gaba, sai a ƙirar 2020 suka mayar da shi bayan direba, tsakiyar mota, domin ƙarfin ya yi wa tayoyin baya yawa, suna ta juyawa a banza ba nauyin da zai danne su. Filoginta takwas ne kafin canjin, takwas ne bayansa, amma ta zama wata mota daban.

Wadda ta fi burge ni ita ce Lamborghini Revuelto ta 2023. Tun zamanin tsohuwar motarsa Countach, a motocinsa masu filogi sha biyu kamfanin yana sa giyabos a gaban inji, ya shigo tsakanin kujeru biyu. Da suka zo ƙara batir, sai suka juya injin gaba ya koma baya, suka kwantar da giyabos a gicciye bayansa, batir kuma ya shiga ramin da giyabos ya bari. Ga filogi sha biyu, lita 6.5, ga injinan lantarki uku, nauyi kuma na ƙasa-ƙasa a tsakiya. Wannan shi ne aikin hankali. Ferrari ma a ƙirar 296 ta 2021 ta buɗe tsakanin layuka biyu na injinta mai filogi shida zuwa digiri 120, ta cusa turbo biyu, wato na'urar tura ƙarin iska cikin inji, a cikin tsagar, injin ya gajarta ya kuma kwanta.

To ga ɗaya ɓangaren. A 2022 Mercedes-AMG ta cire injin filogi takwas daga C63, ta sa mai huɗu, lita 2, da batir a baya. A takarda ƙarfin doki 680 ne, ya fi na da. Amma nauyin motar ya haura kilo 2,100, kuma masoyanta da yawa suka juya mata baya. Raina ya ɓaci da wannan mota, domin duk wanda ya taɓa canza birki ya san abin da nauyi ke yi wa faifan birki da taya, balle a shiga kwana da gudu. A 2024 kuma Bugatti ta fito da Tourbillon, filogi sha shida, ba turbo ko ɗaya, lantarki na taimaka mata. Ina ɓacewar manyan injina a nan?

A ganina motar gudu ta gobe za ta riƙe injinta a tsakiya, da ɗan batir a ƙasa, da injin lantarki mai jan tayoyin gaba. Ko filogi shida ko sha biyu, wannan aljihun mai saye ne da dokar hayaƙi ta Turai za su yanke.

Ina roƙon ku, in za ku sake kawo irin wannan bayani, ku riƙa faɗa mana nauyin kowace mota da yadda ya rabu tsakanin gaba da baya. Yaran garejinmu suna karanta shafin, kuma ƙarfin doki kawai suke haddacewa.

Naku,
Wani makanike daga Ƙofar Ruwa, Kano