A gyara tsofaffin azuzuwan jami'o'inmu

Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni fili a jaridarka in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekarata 19 ina koyar da lissafi a wata jami'a ta Arewa, a ajin da ya girme ni. Ginin kansa ba shi da laifi: bango mai kauri, rufi mai tsayi, tagogi suna kallon juna, ko a zafin Afrilu iska na ratsawa. Ciwon yana ciki. Dogayen bencina ne a jere, an ɗaure ƙafafunsu da ƙasa da noti, kowa na kallon ƙeyar na gabansa. Ranar da na ce ɗalibai su haɗu shida-shida su warware wata tambaya, sai murɗa wuya ake yi, wasu suka hau kan tebur. Daga ƙarshe gindin darbejiya muka koma.

Bara sashenmu ya samu ɗan kuɗi muka gyara ɗaki guda. Aka kwance bencinan, kafinta ya yi mana teburan da mutum biyu za su iya ɗagawa, aka kafa allo a kowane bango, aka sa sola don fanka da cajin kwamfuta. A mako na uku wata yarinya da ta shekara biyu ban taɓa jin muryarta ba ta miƙe, alli a hannu, tana nuna wa 'yan teburinsu inda suka ɓata lissafi. Na tsaya a bayansu ina saurare, daɗi ya cika ni. Ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: a karatun zaure ma kewaye malam ake yi, kowa ya biya nasa, a yi tambaya, a yi gyara.

Tun 2012 kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda ya binciki buƙatun jami'o'in gwamnati, ya ba da rahoton cunkoso da lalacewar ɗakunan karatu. Asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ya yi gine-gine da yawa, kuma mun gode. Amma babban ɗakin lacca mai cin mutum ɗari biyar wurin sauraro ne kawai; malami na can ƙasa, na baya ko allon ba ya gani sosai.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta Sakkwato da ta Maiduguri a 1975. Duk suna da irin waɗannan tsofaffin gine-gine masu ƙwari. Roƙona ga shugabannin jami'o'i da TETFund shi ne a ware kaso na musamman don gyaran ciki, kuma kafin ɗan kwangila ya kawo kujera ko ɗaya, a zauna da malamai da ɗaliban da za su wuni a ɗakin a ji ta bakinsu.

Taku,
Wata malamar lissafi