Ba Lalacin Bature Ba Ne, Malam Edita

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dariyar nan da baƙonku ya yi a shirin daren Talata, wadda mai gabatarwa ya taya shi, ita ta hana ni yin shiru. Wakilinku na Amurka ya gama bayaninsa tsaf kan raunin ƙwaƙwalwar da rugugin makamai ke yi wa sojojin can da matakan kariyar da suka ɗauka, sai tsohon hafsan da kuka gayyato ya kada baki ya ce wai duk lalacin Bature ne, sojanmu kansa da ƙwari, ya sha rana ya sha ƙura, rugugin igwa ba ya yi masa komai. Mai gabatarwa ya ce to madalla, ya wuce tambaya ta gaba. Ko "ranka ya daɗe, ina hujja?" bai iya ce masa ba. Haba jama'a!

Ni matar soja ce. Maigidana a ɓangaren igwa yake, ya yi shekaru a Borno yana loda harsashi yana harbawa. Ya dawo mana ko ƙwarzane babu a jikinsa, dangi suka cika gida ana ta hamdala, har rago aka yanka. To amma wanda ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Mutumin da a dā shi ke riƙe lissafin adashin abokan aikinsa a ka, ba takarda ba biro, yau in na aike shi cefane da abu uku sai ya dawo da ɗaya, yana tsaye bakin ƙofa yana tambayata sauran mene ne. A salla yakan rasa raka'a nawa ya yi, kullum cikin ƙabli da ba'adi yake. Kunnensa na ƙugi dare da rana. Ciwon kai ba ya sakinsa, hasken rana ma ba ya so, sai ya rufe taga ya zauna a duhu da tsakar rana. Barci kuwa sai dai ɓarawo. Yaro ya yar da murfin tukunya, sai ya zabura ya hau shi da faɗa, can an jima ka gan shi bayan ɗaki ya haɗa kai da gwiwa, kunya ta ishe shi. Babansu da yaran nan ke rige-rigen tarowa, yanzu in sun ji tafiyarsa sai kowa ya nemi lungu. Wannan ne kan da baƙonku ya ce da ƙwari?

Surukata ta ce sammu ne, abokan aiki ne suka yi masa don hassada. Yayyensa suka ce aljanun dajin Sambisa ne suka biyo shi. An yi ruƙiya, an sha rubutu, an yi hayaƙi har labulen ɗakina ya canza kala. Ban raina addu'a ba, ita ke riƙe da mu har gobe. Muka je asibiti aka ɗauki hoton kai, likita ya ɗaga shi sama ya duba ya ce lafiya lau, ya rubuta maganin ciwon kai, ya ce a rage tunani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne raɗe-raɗin bariki, wai ƙwaya yake sha. Mutumin da ko goro bai dame shi ba! Irin dariyar da kuka watsa wa duniya ran Talata ita ke ƙara wa masu wannan gulma ƙarfi, ita kuma ke sa soja ya haɗiye ciwonsa kada a ce masa rago.

Sai da na duƙufa karatu a waya, dare bayan dare, kafin na fahimci abin da ke cin maigidana. Ba makamin abokan gaba ne ya taɓa shi ba, bindigarsa ce. Duk sanda igwa ta tashi, akwai wani bugun iska mai ƙarfi da ke fitowa tare da ƙarar, ya ratsa ƙoƙon kai ya girgiza ƙwaƙwalwa. Hular kwano tana tare ɓaraguzai, ba ta tare wannan bugu. Abin toshe kunne yana kare kunne, nan ya tsaya. Kamar kindirmo ne a ƙwarya: kaɗa shi yau, kaɗa shi gobe, ƙwarya tana nan garau amma abin da ke ciki ya tsinke. Harbi ɗaya ba ya kayar da mutum, taruwar ɗaruruwa da dubbai ce ke yin ɓarna, kuma raunin ƙanana ne ƙwarai, hoton asibiti na yau da kullum ba ya cika nuna su. Shi ya sa likitanmu ya ga lafiya lau.

Su Amurkawan da ake wa dariya, su ma da musu suka fara. A watan Janairun 2020, da Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ainul Asad a Iraƙi, cewa aka yi ba wanda ya ji rauni. Da magana ta fara fitowa, Donald Trump ya ce ai ciwon kai ne kawai. Ƙarshenta sojoji sama da 100 aka tabbatar sun samu rauni a ƙwaƙwalwa. Ka ga baƙonku ba shi ya fara ba, yana da magabaci. A 2023 jaridar New York Times ta bi sawun 'yan igwar da suka yi ta ruwan wuta kan mayaƙan IS a Siriya da Iraƙi a 2016 da 2017. Yawancinsu suna nesa da abokan gaba, amma suka koma gida da rashin barci, mantuwa, gane-gane, wasu har suka kashe kansu. Da na karanta labarinsu sai da na ajiye wayar na yi kuka, don gidana na gani a ciki.

Batun Robert Card kuwa, sojan Amurkan nan da ya harbe mutum 18 a garin Lewiston na jihar Maine a watan Oktoban 2023, wakilinku ya taɓo shi amma aka tsallake gaɓar da ta fi muhimmanci: bai taɓa zuwa filin daga ba. Shekaru ya yi yana koyar da jifan gurneti a filin horo. Bayan mutuwarsa masana a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa suka tarar da mummunan lahani, suka ce mai yiwuwa yana da hannu a sauyin halinsa. Ba ina cewa duk sojan da ya sha rugugi abin tsoro ne ba, Allah ya kiyaye, maigidana kansa yake cuta ba wani ba. Abin da nake nufi shi ne ko a wajen atisaye ana samun wannan rauni, balle wanda ya kwana ya tashi a gindin igwa a Borno.

Kuma matakan da Amurkawan suka ɗauka, waɗanda baƙonku ya kira shagwaɓa, wanne ne ya fi ƙarfinmu? Tun 2010 dokarsu ta ce duk sojan da bam ya tashi kusa da shi, tazarar mita 50, dole a duba shi a ba shi hutun awa 24 ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. A watan Agustan 2024 mataimakiyar sakataren tsaronsu, Kathleen Hicks, ta ba da umarni a riƙa gwada kaifin ƙwaƙwalwar kowane sabon soja tun shigarsa, don in ya sauya daga baya a sami abin kwatantawa. Aka sa iyaka a psi 4, ma'aunin nan da mai faci ke auna iskar taya da shi: bugun da ya wuce haka sai an ɗauki matakin kariya. Aka ce mai koyarwa ya ja baya daga bakin bindiga, wanda ba shi da aiki a wurin ya matsa, kada a harba abin da ya wuce buƙatar horo, a kuma rubuta wa ya sha bugu nawa. Matsawa baya kuɗi ake biya? Rubutu a littafi sai an ciwo bashi? Na'urar auna bugu da ake maƙala wa soja a hula da kafaɗa da ƙirji, ita ce za a ce da tsada, to a fara da na kyauta mana.

Tambayoyin da ya kamata mai gabatarwa ya yi ke nan. Kurtun da ke shiga Defo a Zariya, ana gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a ba shi bindiga? A makarantar igwa ta Kachiya, malamin da ke tsaye kan ɗalibai suna harbi daga safe har yamma, wa ke ƙirga nasa rabon? Yaran da nakiya ke tashi da motarsu a hanyar Damboa, su fito su karkaɗe ƙura a ce Allah ya tsare, ana duba kansu ko kuwa sai wanda jini ya zuba? Mai gabatarwa yana da hafsa zaune a gabansa, maimakon ya tsare shi da waɗannan, sai ya taya shi nishaɗi. Hafsan ma ina so in san rabonsa da tsayawa gindin igwa, don wanda ke ba da umarni ta rediyo daga tanti da wanda ke jan igiya ba abu ɗaya kansu ke sha ba.

Ku sake shirin nan, Malam Edita. Ku kawo likitan ƙwaƙwalwa na gaske, ku kawo kofur ko saje da ya yi aikin da hannunsa, ku ɓoye sunansa in yana tsoron hukunci. Ku buɗe layi matan bariki su kira, za ku sha mamakin yawanmu.

Af, tunda na riga na ɗauki biro: wane ne ya ba ku shawarar mayar da shirin daidai lokacin sallar isha'i? Rabin farko kullum sai ya wuce masu zuwa masallaci, maimaicin safiyar Laraba da muke dogaro da shi kuma kun cire, kun cika wurin da tallan maganin basir. Ku dawo mana da shi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
matar wani soja, daga Kaduna