Wasiƙa zuwa ga ɗana kan gurnanin da motarsa take yi

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Bauchi lafiya lau, mahaifiyarka tana gaishe ku, tana kuma tambayar jikokinta.

Maganar motarka ce ta tsaya mini a rai tun da muka yi waya. Ka ce in ta ɗauki gudu sai wani gurnani ya taso daga ƙasa, kuma bakanike ya ce sai an sauke giyabos. Kada ka ba da ko kwabo tukuna. Duk wanda bai shiga mota tana tafiya ya kasa kunne ba, in ya yanke maka hukunci a bakin gareji, cinikin biri a sama kuke yi. Marsandi 190 irin taka tun 1993 aka daina ƙera ta, ko autarsu ta haura shekara talatin, kuma a mota mai irin wannan shekaru roba da boris (zoben ƙarfen da taya ko sanda take juyawa a kansa) ne suke fara gajiya. Giyabos yakan daɗe bai ce komai ba.

Abu ɗaya nake so ka gano da kunnenka: ƙarar nan me take bi? Juyin inji, ko gudun taya, ko takun totur?

Ka fita daga Gombe da sassafe ta Tumfure ka kama hanyar Bauchi, ka nemi inda kwalta take sumul kuma ba cunkoso. Kashe rediyo, rufe gilashi. In ka kai gudun da gurnanin yake tasowa, taka kuloci ka sa giya a firi, ka bar ta ta gangara. Injin kuwa kada ka kuskura ka kashe shi, birki zai yi tauri, sitiyari ma yana iya kullewa. In ƙarar ta faɗi tare da injin, to ka duba mautin (robar da inji yake zaune a kai) da salansa. In tana nan yadda take, sai dai tana raguwa yayin da gudu yake raguwa, injin ya fita daga zargi, saura taya, boris, farfela (sandar da take kai juyi daga giyabos zuwa baya) da aksul na baya.

Fara da taya, don ita ce mai araha kuma ita aka fi raina wa. Shafa tafin hannunka a kanta; in ka ji tudu da kwari, ta ci ba daidai ba, kuma irin wannan tana gurnani sak na boris. Alamarta ita ce muryarta tana sauyawa in kwalta ta sauya. Sa mai faci ya mai da na gaba baya, ka ji ko ƙarar ta yi ƙaura. Ka kuma karanta lambobi huɗun nan na gefenta: 2318 yana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayoyin gwanjo da yawa sun tsufa tun kafin su iso mu.

Boris kuwa a karkata ake kama shi. Kana tafiya a hankali, ɗan kaɗa sitiyari hagu, sannan dama. In ka karkata hagu nauyi yana komawa dama, don haka in ƙarar ta ƙaru a lokacin, galibi boris na dama ne. Na ce galibi, domin wani lokaci yakan ruɗi mutum, sai an ɗaga motar an juya tayar da hannu.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga farfela. Ta motarka gida biyu ce, da boris a tsakiya wanda yake zaune cikin roba, sannan da faifan roba a kowane baki, ɗaya wajen giyabos, ɗaya wajen aksul. Zafin ƙasarmu da shekaru suna busar da robar nan har ta tsage. Farfela tana juyi ninki uku ko fiye na juyin taya, shi ya sa in ta sami 'yar tangarɗa za ka ji rawar a ƙarƙashin kujera, ba a sitiyari ba, musamman in kana tashi daga tsaye da nauyi. In kana jin "kwas" lokacin da ka saki kuloci, a duba faifan da kyau. In har za a kwance ta, ka tsaya a yi wa gidajen biyu alama da fenti, a mai da su yadda aka same su, don tare aka daidaita su tun daga masana'anta. Sau da yawa a nan ake gyara wata ƙara a haifo wata.

Aksul kuma totur yake bi: ka taka ya yi kuka, ka ɗaga ƙafa ya sauya murya ko ya yi shiru. A duba mansa, amma a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayarwa, kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. In man ya fito da ƙyalƙyalin ƙarfe, ka faɗa mini kafin ka sayi komai.

Ina roƙonka don Allah, kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ka je garejin da yake da rami. Kuma har sai an gano abin nan, kada ka ɗauko yaran ka biyo ta Alkaleri da ita; faifan roba in ya tsinke a kan gudu, ko boris ya ƙone, abin ba ya sallama. In zuwa ya kama, ku shigo motar haya.

Bakaniken ma kada ka raina shi, ka ɗauke shi ku fita tare ya ji da kunnensa. In an sauya wani abu, ka karɓi tsohon ka ajiye mini in gani. Ka kira ni bayan sallar Juma'a ka gaya mini abin da ta yi da ka sa ta a firi.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka