Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da na'urar safiyo da tarihin aro

Zuwa ga Manaja,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Na fito da maganar nan bainar jama'a ne saboda na bi ta ofis, na bi ta waya, kullum amsar ɗaya ce, wai oga ba ya nan. Ga shi kuma dillalinku na ci gaba da yawo da hotunan irin waɗannan kaya a tsakanin mutanenmu na Agege da Idi-Araba.

Kun sayar mini da tiyodolait, na'urar da mu ma'aikatan safiyo muke ɗorawa a kan ƙafa uku mu auna kusurwa. Da rana a auna ƙasa, da dare a saita tauraro, a ɗauki tsayinsa daga doron ƙasa, a rubuta lokaci, a yi lissafi a gane inda ake tsaye a duniya. Takardar da kuka haɗo da ita ta ce da wannan na'ura aka shata iyakar Najeriya da Nijar, daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, a aikin da Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka jagoranta daga 1906 zuwa 1908. Wannan tarihi na saya, shi kuka sa wa kuɗi.

Aikin iyaka an yi shi, babu musu. To amma da aka kawo kayan, sai ga sunan Cooke, Troughton & Simms a jikinta, daidai gefen da hotonku bai nuna ba. Wannan kamfani bai samu ba sai a 1922, lokacin da T. Cooke & Sons na birnin Yok ya haɗe da Troughton & Simms na Landan. Ranka ya daɗe, yaya na'ura za ta gama aiki a Tafkin Chadi shekara 14 kafin a kafa kamfanin da ya ƙera ta?

Ko babu sunan ma, cikinta ya tona asiri. Na'urorin zamanin Tilho faifan ƙarfe gare su, ana karanta digiri da ɗan madubin ƙara girma. Wannan kuwa faifanta na gilashi ne, a rufe. Samfurin Tavistock ce, wanda aka tsara bayan wani taro da aka yi a garin Tavistock na Ingila a 1926, ya fito wajajen 1930. Lambar akwati daban, ta na'ura daban. Sannan an kankare mata fenti an goge ta har tana ƙyalli, don ta yi kama da tagullar mutanen da. Wanda ya yi wannan ya rage mata daraja, bai sani ba.

Abin haushi shi ne ba ta bukatar ƙarya. Na'urar shekarun 1930 ba abin rainawa ba ce, zamanin da ake shimfiɗa awon ƙasar nan ke nan daga tushensa da ke kusa da Minna, wanda taswirorinmu suka daɗe suna dogaro da shi. Da kun ce mini ga tsohuwar Tavistock, daga hannun wane muka same ta, da na taya da farashinta, mun rabu lafiya.

In kuna da rasit, ko littafin ajiyar kaya na ma'aikatar safiyo, ko wata takarda mai ɗauke da lambarta, ku kawo mu gani. In babu, ku karɓi kayanku ku maido mini da kuɗina, ku kuma janye waccan takarda daga hannun dillalinku. Na ba ku mako biyu. Bayan haka sai mu haɗu a hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Jihar Legas, da na'urar da takardarku duka a hannuna.

Wassalam,
Tsohon ma'aikacin safiyo,
Agege, Legas