A yi mana shiri kan Rabaran Fada Alexis Kagame

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, na daɗe ina sauraron gidan rediyonku, kuma na lura duk sanda aka ambaci Ruwanda, zancen kisan ƙare dangi na 1994 ake yi. Roƙona shi ne ku ware shiri guda kan Rabaran Fada Alexis Kagame, limamin Katolika kuma marubuci ɗan ƙasar Ruwanda. Ba shugaba Paul Kagame nake nufi ba. Shi Fada Alexis ya rasu a Nairobi tun 1981.

An haife shi a 1912, aka naɗa shi limami a 1941. Ya yi editan jaridar Kinyamateka da ake bugawa da harshen Kinyarwanda, daga baya ya tafi Roma ya yi digirin digirgir. Amma abin da ya kama mini zuciya shi ne zamansa da dattawan fada. A fadar Sarkin Ruwanda a wancan lokacin akwai wasu mutane da ake kira abiru, masu riƙe da asirin sarauta da ka, ba a rubuta shi, ba a faɗa wa bare. Da izinin Sarki Mutara Rudahigwa ya zauna gabansu ya rubuta abin da suka karanto masa. Ya kuma tattara waƙoƙin sarakuna da kirarin shanu. A 1961 aka rushe sarautar baki ɗaya. Da bai yi wannan zama ba, da yawancin ilimin ya bi masu shi kabari.

Kakana makaɗin fada ne. Ina tuna shi da hantsi a zaure, taushi tsakanin gwiwoyinsa, yana jero sarakunan garinmu ɗaya bayan ɗaya, ko numfashi bai cika yi ba. Mu jikokinsa duk mun yi boko, amma babu wanda ya ɗauki alƙalami. Yau baiti uku kawai na riƙe, kuma abin yana ci mini rai.

Masana sun soki Kagame cewa tarihin da ya rubuta ya karkata ga gidan sarauta, talaka bai samu wuri ba. A ganina akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don haka ku gayyato masanin tarihi ya faɗi wannan ɓangaren ma. In son samu ne, a sa shirin da daddare, lokacin da mutanen karkara suka dawo daga gona.

Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya