Kwalba biyu masu kama ɗaya

Assalamu alaikum aminina,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya zafin Jidda? Wani abu ne ya tsaya mini a rai, kuma kai ka san aikinmu na allurar barci, shi ya sa na rubuto.

Daren Talata wajen ƙarfe 3 aka shigo da wata mata, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, dole sai tiyata. Ni kuwa tun asubar Litinin ban runtsa ba. Ta zauna ta sunkuya, na goge mata baya, na miƙa hannu a tire na ɗauko abin da na zata bupivacaine ce, allurar kashe zafi da ake yi a laka. Har na fasa kwalbar na zuƙa a sirinji. Sai wata ƙaramar nas, wadda ba ta cika wata uku da kama aiki ba, ta ce murya ƙasa-ƙasa, "Yallaɓai, a duba rubutun." Tranexamic acid ce, maganin tsayar da jini. Girman kwalaben ɗaya, ruwan ciki fari tas. Wallahi sai da gwiwoyina suka yi sanyi.

Ka san abin da tranexamic acid take yi idan ta shiga laka: jijjiga, bugun zuciya ya rikice. Wani bincike na 2019 ya tattaro mutum 21 da aka yi wa wannan kuskure, 10 sun rasu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kai. Duk na karanta, amma hannuna ya ɗauko.

Abin da ya fi damuna shi ne, daga baya yarinyar ta ce sai da ta yi ta saƙe-saƙe kafin ta buɗe baki, tana tsoron in yi mata tsawa. Nan na tuna Elaine Bromiley, wata mata da aka shiga da ita tiyata, da ta rasu a Ingila a 2005. Likitoci na ta fama su zura mata bututun numfashi, nas ta kawo kayan huda maƙogwaro, ba wanda ya saurare ta.

Washegari na faɗi komai a gaban abokan aiki, ban rage ba. Yanzu mun raba wa magungunan ma'aji, kuma sai mutum biyu sun karanta suna da ƙarfi kafin a zuƙa. Ku yaya kuke ajiye su a can? Ka rubuto mini dalla-dalla.

Matar ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka