Zuwa ga ɗalibin da ya ce Zariya garin karatu ce kawai

Assalamu alaikum, ɗana.

Ran Asabar a taron ɗalibai na Kongo ka miƙe ka tambaye ni ko ba gaskiya ba ce Zariya garin allo da boko ce kurum, siyasa kuwa sai Kano da Kaduna. Magariba ta kawo jiki, aka tashi ban ba ka amsa ba. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Ban yarda ba. Mu fara da cikin ganuwa. Da Malam Musa ya karɓo tutar Shehu ya shigo birni, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, har ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. To amma sarautar da aka kafa a nan ba ta zauna a gida ɗaya ba kamar yadda ta Kano ta tare a gidan Dabo. Bayan Malam Musa na Mallawa sai Yamusa na Barebari, sai Abdulkarim na Katsinawa, wanda a zamaninsa Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a, daga baya Sulluɓawa su ma suka ɗana. Gida huɗu, gado ɗaya. Kowane sarki ya hau sai ya raba wa nasa sarautu, sauran su koma gefe suna ƙirga kwana, Sakkwato kuma tana daga sama tana naɗi tana tuɓewa. Sarki Abdullahi sau biyu aka sauke shi. In wannan ba siyasa ba ce, ka faɗa mini sunanta.

Turawa ma a kan wannan tsagar suka taka. A 1902 Sarki Kwasau ya nemi taimakonsu don Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasar. Baƙon da aka gayyato bai daɗe ba ya tuɓe mai gida, bayan Magajin Keffi ya kashe wani jami'insu, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Shi ma ƙarshenta Lokoja suka kai shi. Daga shi Mallawa ba su sake hawa ba sai a Oktoban 2020, da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli bayan rasuwar Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 a gado. Ka tuna yadda garin ya yi tsit a kwanakin jiran nan, kowace majalisa ana raɗa? Lissafi ne na kusan shekara 100.

Amma abin da ya fi ba ni haushi a maganarka shi ne yadda ka raba karatu da siyasa, kamar ba a tukunya ɗaya aka dafa su ba. Jirgin ƙasa ya zo, aka yi Sabon Gari don baƙi, aka yi Tudun Wada, aka tara malamai da akawuna da ma'aikatan reluwe a wajen ganuwa, inda idon dogari bai cika kaiwa ba. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita, talaka ya ga ashe ana iya rubuta koke da Hausa a buga kowa ya karanta. Sa'adu Zungur yana koyarwa a garin nan ya riƙa tara 'yan boko suna muhawara a kan mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, tun babu jam'iyya ko ɗaya a Arewa. Kano ta haifi jam'iyyar NEPU a 1950, ba musu. Sai dai ka tambayi tsofaffin Sabon Gari wace ce Gambo Sawaba, yarinyar da ta shiga jam'iyyar tun ba ta kai shekara ashirin ba, ta sha duka da ɗauri sau da yawa a kan mata su samu 'yancin jefa ƙuri'a. Matan Arewa ba su samu ba sai a 1976. Yau sunanta ne a kan asibitin Ƙofar Gayan, a cikin birnin da hukumarsa ta taɓa ganin ta a matsayin fitina. Wannan kan sa ni murmushi duk na wuce.

Inda nake ba ka gaskiya ɗaya ne: kujerar gwamna tana Kaduna tun zamanin Turawa, kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa karɓe ikon En'e daga hannun fada, bayan kotu da 'yan doka sun riga sun tafi. Shi ya sa yaron yau yake ganin babu komai a nan sai jami'ar da aka buɗe a 1962 da hawan sallah.

In kana gari ran Juma'a, ka same ni bayan an sauko masallaci. Mu taka daga ƙofar fada zuwa Ƙofar Doka, in nuna maka unguwannin gidajen nan huɗu, sannan mu hau Keke mu leƙa kamfanin Gaskiya. Ka zo da littafin rubutu, kuɗin Keken kuma naka ne.

Naka,
wani tsohon malamin makaranta, Tudun Wada